Tandar Rabi'a a Kwarin Ɗa'if

Duk wanda ya taɓa bin lungun da ke bayan gidan burodin 'yan Yaman a Hindawiyya da safe ya san Rabi'a mai waina, ko bai san sunanta ba. Gajera ce kakkaura, da tabon ƙuna a bayan hannun dama, maganarta ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada jariri. Ba haka aka haife ta ba. Waɗanda suka san ta a Funtuwa sun ce in ta yi dariya a tsakar gida har maƙwabta na uku suna ji. Jidda ce ta rage mata murya.

Aikin Umara ta zo tana da ƙuruciyarta, ta ƙi komawa. Ta auri Hashim, haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin kirki ne, sai dai sanyin jiki. Ya yi fafutuka ya samo wa 'yarsu Surayya takarda, ita kuwa uwar kullum sai "bukra insha Allah", har ciwon zuciya ya ɗauke shi ya bar ta ba iƙama, takardar izinin zama. Tun daga nan Rabi'a ta koyi zaman marar takarda. Ta san kowane lungu mai mafita biyu. Haƙori ya taɓa kumbura mata fuska mako guda ba ta je asibiti ba. In motar askar, 'yan sandan ƙasar, ta gifta, sai ta sunkuyar da kai kan tanda ta daina ko tari.

Abin da take tsoro kowa ya san shi. In aka kama ta, tarhil za a kai ta, gidan da ake tara waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsunta a sa ta jirgin Kano, kuma ba dawowa. Surayya kuwa a nan za ta zauna, don nan ne garinta. Yarinyar da in ka yi mata Hausa ta amsa da Larabci, me za ta je ta yi a Funtuwa? Ita kaɗai Rabi'a ta haifa.

Dukiyarta ɗaya ce, tandar ƙarfe mai manyan gurabe da wani maƙeri a Mahjar ya zuba mata. Da ita ta ciyar da Surayya, da ita ta yi suna, har gidajen Aziziyya suka riƙa kiranta in suna da biki.

Haka Hajiya Maha ta kira ta cikin tsakiyar sanyi. Za ta aurar da ɗanta Turki, kuma a Ɗa'if za a yi, can saman dutse, don dangin amarya. Kwana biyu saƙon gargaɗi yana shigowa wayoyin mutane: hadari, ƙanƙara, kada a kusanci kwari. Rabi'a ta so ta zame.

"Hajiya, an ce akwai ruwa a dutsen. Ga hanya kuma, kin san halin da nake ciki."

"Ya Rabi'a, ruwa ne zai hana auren Turki? Na riga na gaya wa surukaina za su ci wainar da ba su taɓa ci ba. Gwadabe zai kai ku. Halas."

Mai takarda bai san tsawon hanya ba. Shi zama yake a mota ya miƙa kati ta taga. Marar takarda kuwa akwai abin da ake ce wa zagaye. Kafin a kai shingen taftish, inda askar ke duba iƙama, direba ya tsaya ya sauke ka da kayanka, ka bi ta bayan duwatsu da ƙafa, ya wuce da motarsa fes, ya jira ka a gaba. Gwadabe ɗan Gumel ya shekara da shekaru yana wannan sana'a, yana kuma taƙama da cewa ba a taɓa kama masa fasinja ba. A tafiya komai ya yi daidai. Rabi'a ta yi zagayenta, ta je ta toya wa mutane waina har kafaɗunta suka sage.

Ranar dawowa aka tashi da ƙanƙara tana dukan rufin gidan bikin kamar ana watsa tsakuwa. Gajimare ya sauko ya zauna kan titi, ba ka ganin motar da ke gabanka. Aka ce an rufe hanyar Hada saboda duwatsu na gangarowa. Hajiya Maha ta leƙo kicin da mayafin ulu a kafaɗa ta ce hayar gidan ta ƙare da azahar, kowa ya kama gabansa. Ita da 'ya'yanta otal suka tafi. Ko a ce masu girki su raɓe a wani ɗaki zuwa gobe, bai zo mata a rai ba.

Suka ɗauki doguwar hanya su uku: Gwadabe, Rabi'a, da Zakiya mai taya ta aiki, haifaffiyar Hindawiyya, mai takardarta da bakinta. Da suka sauko daga dutsen sai ruwan ya tsaya a bayansu. Gabansu har rana ta ɗan leƙo. Can bayan la'asar Gwadabe ya rage gudu ya gangara gefen titi.

"Yaya Rabi, a nan za ki sauka. Taftish na bayan wancan kwanar."

Rabi'a ta duba ta taga. Busasshen kwari ne mai faɗi, farin yashi da manyan duwatsu, gaɓarsa ta hagu tana hawa zuwa titi daidai inda shingen yake.

"Ba nan na bi ba da za mu tafi."

"Waccan hanyar daban, wannan daban. Ki bi cikin kwarin kawai, ki raɓa ta ƙarƙashinsu, ba mai ganinki. In kin ga gidan mai, ina nan."

Zakiya ta juyo. "Ya Gwadabe, inta majnun? Wadi za ka sa ta yau? Ka taɓa sauke wani a nan?"

"Kwari ai kwari ne. Dubi sama, ko ɗigo babu."

"Sama za ka duba? Nan ba Gumel ba ne. Ruwan ƙasar nan ta baya yake zuwar wa mutum. Wanda muka baro a dutse ina kake zaton zai je, Makka ɗawafi?"

"To ki ba ta iƙamarki mana, uwar sani. Ke ki bi kwarin."

Rabi'a ta dubi sama ita ma. A garinsu ruwa ba ya zuwa sai ya yi sallama: gabas ta yi baƙi, iska ta taso, kaji su shige akurki. Nan kuwa yashi a bushe, har ƙadangare na shan rana kan dutse. Ta dubi kwanar da shingen ke bayanta. Wancan tsoron ta san shi, wannan kuwa labari ne.

"Bar shi, Zakiya. Miƙo min tandar."

"Ki bar ta a mota mana."

"In suka ga tanda ba mai toyawa, tambaya za su yi. Ke ko juya waina ba ki iya ba."

Ta naɗa gammo, ta ɗora tandar a ka, ta tattare abaya ta gangara. Motar ta tashi.

Ta yi nisa cikin kwarin, har tana hango rufin rumfar askar a sama ta hagu, sai iska mai sanyi ta bugo ta ta baya, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ta ji ƙara. Ta ɗauka babbar mota ce a titi. Ƙarar ba ta wuce ba, ƙaruwa take, har yashin ƙarƙashin silifas ɗinta yana rawa. Ta waiga.

Abin da ta gani bai yi kama da ruwa ba. Wani jan kunu ne mai kauri, ya cika kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana turo itatuwa da tayoyi da gawar akuya a gabansa. Gaɓar dama ta yi mata nisa. Ta hagu kusa take, amma can ne askar. Ko a wannan lokacin, da mutuwa a bayanta, ƙafarta ta ƙi zuwa hagu. Wani ƙaton dutse ta nufa a tsakiya, ta jefa tandar sama, ta bi ta da rarrafe, farcenta na karyewa. Ruwan ya iso ya fizge silifas ɗaya daga ƙafarta.

Ta zauna a saman dutsen tana haki. Ruwa ta ko'ina, duwatsu na gwaruwa a cikinsa kamar ana daka. Hadarin da suka baro ya biyo su, gari ya rufe, aka fara yayyafi mai sanyin ƙanƙara. Wayarta ta yi ƙara a ƙugu. Zakiya ce.

"Rabi'a, fenik? Kina ina? Mun ga sel ɗin, ambaliyar, daga gidan mai."

"Ina kan dutse. Ƙarƙashinsu daidai."

"Zan koma in gaya musu."

"Kada ki soma. Zai janye."

"Ba zai janye ba, ya habla, yanzu ya fara." Sai muryarta ta yi nisa, tana faɗa da wani. "Juya motar. Na ce ka juya."

Rabi'a ta ji Gwadabe sarai. "In na koma ni za a ɗaure. Motata za su karɓe. 'Ya'yana fa? Ta ce zai janye, ke ba ki ji ba?"

"To da ƙafa zan je, Allah ya isa."

Gidan man da nisa, Rabi'a ta sani, ita aka ce ta taka zuwa can. Ta buɗe baki za ta yi magana, wani reshe ya daki dutsen, ta kai hannu ta dafe, wayar ta sulale ta tafi.

Akwai wani tsagi a jikin dutsen da ta sa wa ido. Da ta hau, yana ƙasa da ita da kamu uku. Ta yi salati ta sake dubawa, babu shi. Ruwan ya taɓa yatsun ƙafarta, sanyinsa ya hau har cikin haƙoranta.

A sama tana ganin fitilar motar askar tana juyawa cikin yayyafi, shuɗi da ja. Mutum biyu sun tsaya a bakin titi sun juya mata baya, suna tsayar da motoci. Ba su san da ita ba. Baƙar abaya kan baƙin dutse, wa zai gani? Shekarun nan duka abin da take roƙon Allah ke nan, kada su gan ta, kuma ga shi an amsa mata.

Ta tuna Surayya da safen da za su taho, tana shafa mata man zafi a gwiwa tana mita. "Ummi, ke kullum shugul, shugul, aiki ba hutu." In ta yi shiru a nan, gobe ko jibi a tsinci wata baƙar mace a bakin wata gona, ba suna ba takarda, a binne. Surayya ta yi ta zuwa bakin lungu tana duba hanya. In ta yi kira kuwa, Funtuwa. Amma Funtuwa akwai waya.

Ta gwada ihu. Muryar da ta shekara tana dannewa ta fito 'yar siririya, ruwan ya haɗiye ta. Ta sake, ko ita ba ta ji kanta ba.

Sai ta jawo tandar. Ta laluba ta samu wani dutse daidai hannu da ya maƙale a wani tsagin, ta ɗaga tandar da hagu ta kwaɗa mata. Ƙarfen ya yi ƙara ya ratsa kwarin. Ta sake kwaɗawa. Ta yi ta dukan abin da ya ciyar da ita, gurbi na lotsawa, hannunta na jini, ruwa ya kai mata idon sawu, ba ta tsaya ba har ɗaya daga cikin mutanen ya juyo. Ya matso bakin gaɓa, ya kare ido da hannu. Sai ya ruga.

Igiya suka jefo, igiyar ta faɗa ruwa, suka sake. Wani saurayin askari mai ɗan gemu, Mus'ab ta ji ana kiransa, ya ɗaura wata a ƙugunsa ya sauko har rabin gaɓar yana ɗaga murya.

"Ya khala, ɗaura a ƙirji. Jefar da wannan abin."

Ba ta jefar ba. Ta zura igiyar ta kunnen tandar, sannan ta ɗaura wa kanta. Suka ja ta cikin ruwan, duwatsu na dukan haƙarƙarinta, ta sha laka ta ƙoshi, suka fito da ita kamar buhu.

Suka lulluɓe ta da bargo a rumfarsu, suka ba ta shayi mai zafi. Sai ga Zakiya ta iso a jiƙe sharkaf, ba takalmi, ta faɗa kanta tana kuka tana zaginta. Mus'ab ya bari har Rabi'a ta shanye shayin. Ya tsuguna, bai dube ta a ido ba.

"Khala, iƙama?"

"Ma fi," in ji Rabi'a, wato babu. Da ƙarfi ta faɗa, har na waje ya waigo.

Suka tambaye ta wa ya sauke ta a kwarin. Ta ce ita ta sauke kanta. Gwadabe yana nan yana jigilarsa har yau, yana ma gaya wa fasinja cewa shi ba a taɓa kama kowa a cikin motarsa ba. Hajiya Maha kuwa da labari ya kai mata, ta ce la haula, sannan ta tambayi Zakiya ko ta san wata mai waina, don sunan jikarta na tafe.

Kafin a sa Rabi'a jirgi an bar Surayya ta gan ta sau ɗaya. A bakin ƙofa aka miƙa wa yarinyar tandar a cikin leda, da busasshiyar laka a jikinta.

Yanzu Rabi'a tana ɗakin ƙanenta a Funtuwa, haƙarƙarin bai gama warkewa ba. Kullum da safe wayarta na ƙara. Surayya ce, ta jingina tata wayar da tukunyar gas a lungun bayan gidan burodi, tana nuna mata ƙullu.

"Ummi, shufi. Ya yi ruwa?"

"Ya yi ruwa. Ƙara shinkafa. Kuma ki ce duba, ba shufi ba."

"Duba. Wannan gurbi, waina yana fita karkace."

"Tana fita. Bar wannan gurbin, ni na lotsa shi. Zuba a na gefensa, ki rage wuta."