Inna Tasallah da ƙananan fizar Sundus

Da an idar da sallar asuba a unguwar Jurf da ke Madina, Inna Tasallah tana kicin ɗinmu. Ta kwaɓa fulawa, ta rufe ta tashi, ta murza, sannan ta ɗauki kofin shayi ta kifa bakinsa a kan kwaɓin tana fitar da 'yan faya-fayai, kowanne bai wuce tafin hannun yaro ba. Ta shafa miyar tumatir, ta barbaɗa cuku, ta jera a faranti ta tura firiza. Shekara tara ke nan tana wannan aiki, kuma wata mai kamawa za ta koma gida Damagaram, don gwiwoyi sun fara ƙin tsayuwa.

Ni likita ce, sunana Ummu Salma. Kafin mu zo Madina, ni da maigidana Muhyiddeen mun yi shekaru a Ingila, a can aka haifi 'yarmu Sundus. A can, mai aiki irin nawa firiza ce tukunyarsa. Dankali yankakke, kifi, wake, duk a daskare ake sayowa cikin kwali, minti goma sha biyar a murhun gashi an zauna cin abinci. Sundus tana da lalurar da ke sa yaro ƙin duk abincin da bai saba da shi ba, kuma abu ɗaya ta yarda da shi a duniya: wasu ƙananan fiza masu jan kwali.

Da muka sauka Madina tana shekara huɗu, muka nemi irin wannan kwali muka rasa. Muhyiddeen ya zaga kantuna daga unguwar Ƙiblatain har ta Ranuna, ya kwaso iri-iri. Ta shinshina ta ture. Kwana goma sha ɗaya ba ta sa komai a ciki ba sai madara da ruwa. Dakta Tahir, likitan yara, ya ce mini in aka ƙara kwana uku a haka, sai dai a zura mata robar abinci ta hanci. Na sha sa wa 'ya'yan mutane wannan roba, amma ranar a mota na zauna na yi kuka.

Lokacin Inna Tasallah satinta ɗaya da fara aiki a gidanmu, ko sunan fiza ba ta iya faɗa daidai ba. Ta same ni ta ce, "Ya Dakta, wannan kwalin da ɗiyar ke rungume da shi, na mene ne?"

Na ce, "Na abincinta ne, Inna. Fanko ne, tun daga Ingila ta ƙi saki."

Ta ce, "A ara mini shi in ta yi barci."

Ta ƙura wa hoton da ke jikin kwalin ido, ta tambaye ni kaurin abin da launin miyarsa, ta gasa. Sundus ta ƙi. Inna ta rage gishiri, ta sake. Ta ƙi. Sau biyar ana haka, ni har na ce ta bari. Sai ta ce, "Shuwayya, a yi sannu-sannu, Dakta. Na lura in yunwa ta kama ta, ba murhu take nufa ba, firiza take buɗewa ta leƙa. Ashe ba ta san abinci na fitowa daga wani wuri ba."

Ta daskarar da na shida har suka yi tauri, ta zuba su a jan kwalin nan, ta ajiye a firiza. Da rana Sundus ta buɗe ta gani. Da hannunta ta miƙa wa Inna, ta tsaya tana kallo har aka gasa. Ta ci biyu da rabi. Muhyiddeen yana bakin ƙofa, ya juya ya shige ɗaki don kada a ga idonsa.

Inna, ke ce kika ga abin da likitoci biyu suka duba ba su gani ba. Kuma ba ki tsaya nan ba. Kin riƙa niƙa karas cikin miyar, rabin cokali a mako, sai naman kaza, sai zogalen da kika sa aka kawo miki daga gida. Da yarinyar ta kai shekara shida kika ce, "Ba zan ci gaba da ɓoye mata ba, amana ce." Kika zaunar da ita ta ga yadda ake yi tun daga gari. Na ji tsoro ranar. Ta yi fushi kwana biyu, a na uku ta karɓi kofin shayin ta fara yanka da kanta.

Dakta Tahir shaida ne. Iyaye bakwai ya turo gidanmu, har da Larabawa, kuma kowace uwa Inna ta zaunar da ita ta fara da tambaya ɗaya: "Me ɗanki yake kallo kafin ya ci?" Mariyamu, wata ma'aikaciyar jinya da ke Ƙiblatain, ta ce mini ɗanta da a da biskit kaɗai yake ci, yanzu har shinkafa da wake yake nema.

Yau Sundus shekararta goma sha uku, tana cin tuwo, in dai an mulmula mata shi ƙanana. An gaya mata Inna za ta tafi. Washegari ta tambaye ni da Larabci ko akwai firiza a Damagaram. Na ce wuta ba ta zama sosai. Sai ta ce, "To wa zai ajiye mata abinci?"

Mun gode, Inna Tasallah, uwar masu haƙuri. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya ba ki masu kula da ke yadda kika kula da tamu. Ku kuma da kuke da irinta a gidajenku, ku saurare ta in ta yi magana, ku koyi kallon yaro kafin ku yanke masa hukunci, kuma ku gode mata tun tana tsaye a gabanku.