Dabinon da Ya Kusa Rufe Shagon Ƙanena

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Nuzla, ni da maiɗakina, titin filin jirgin Jidda fayau babu cunkoso. Ƙanena ne ya gayyace mu Amurka, wani ƙaramin birni a jihar Ohio inda yake da shagon tsire. Na cika jaka da dabinon ajwa da turaren udu, don a gidanmu ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana.

Daga inda muka sauka zuwa garin, gonakin masara ne iya ganin ido, titi ɗoɗar, ba mai yi wa wani hon. Tsada kuwa ba a magana. Kuɗin kofin gahawa ɗaya zai ƙosar da mu biyu da ful da tamis, wato wake da burodi, a unguwar Ammariyya ta Jidda. Maiɗakina ta kurɓa ta ce ruwan zafi ne aka rina.

Mun tarar da ƙanena cikin damuwa. Wani maƙwabci ya kai ƙarar hayaƙin gashi, kuma majalisar gari za ta zauna ta yanke ko a sabunta masa lasisi ko ya rufe. Na tambaye shi wa ya sani a sama, ya ce ba kowa, sai dai kansilar unguwarsu tana goyon bayansa. Na ce halas, magana ta ƙare. Ban shawarce shi ba na ɗauki kwalin dabino da udu na kai ofishinta, na yi mata bayani da guntun Turancina. Ta yi murmushi, ta gode, ta turo mini kayana.

Da ƙanena ya ji, dafe kai ya yi. "Yaya, nan ba a wasɗa, ba a kamun ƙafa. Ka jiƙa mini aiki."

Ranar zaman, zauren a buɗe yake ga kowa, magajin gari na zaune a kujera irin tamu. Kansilar ta miƙe ta ce dangin mai shago sun kawo mata kyauta ta mayar, ta san al'ada ce ba mugun nufi ba, amma ba za ta kaɗa ƙuri'a ba. Kunya ta rufe ni. Garin neman gira ga shi za mu rasa ido.

Mai ƙara ya faɗi nasa, ba wanda ya katse shi. Sai wata dattijuwa mai shagon kayan gini, shugabar 'yan kasuwar layin, ta tashi. Ta ce duk sanyi ƙanena ke kwashe mata ƙanƙara a ƙofar shago ba tare da ta roƙa ba, kuma tun da ya buɗe layin ya daina mutuwa da yamma. Ta ce ƙungiyarsu za ta taya shi kafa bututun hayaƙi. Mai ƙara ya ce in haka ne ya janye. Aka ɗaga hannu, lasisi ya tsira. Wallahi mutanen nan sun burge ni, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Mun dawo Jidda lafiya, zafi ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Abin da na koyo shi ne a can maƙwabci ne babban wanda ka sani. Da na isa gida na tsaya ina kallon ƙofar maƙwabcina ɗan ƙasar Yaman da muke katanga ɗaya shekara da shekaru, daga sallama sai sallama. Da yau za a kira shi ya yi shaida a kaina, ban san me zai ce ba. Kafin in kwance kaya na je na ƙwanƙwasa masa.