Damina da Ƙirjin Autarmu

A duk Kasuwar Kifi ta Baga Road babu wanda ya kai ni sanin sama. In na taɓa bandar tarwaɗa na ji ta yi laushi, sai in ce wa maƙwabta su rufe kwalayen kifinsu, ruwa na tafe jibi da la'asar. Har cewa nake hadari ba ya haɗuwa sai ya leƙo rumfata ya nemi izini.

Damina uku ke nan da yayata ta aurar da 'yarta a Dusuman, tsakiyar Agusta. Autarmu tana wata biyu. Matata ta ce ba za ta shiga taro da jaririya ba.

"Baban yara, da ruwa ya zauna sai yaran unguwar nan su kama ciwon ƙirji. Bara babban namu ne, bara waccan mai bi masa."

Na yi dariya har da buga cinya. "Tari ai na lokacin sanyi ne. Kuma a fili za a zauna, yau ko ɗigo ba za a yi ba. Ni na faɗa." Abin da ke raina shi ne kada dangi su ce na ɓoye musu 'ya.

Haka muka tafi da ita. Ba a sauke tukunyar shinkafa ba ruwa ya ɓarke. Mata suka kwashi lafayoyinsu suka dunƙule a ɗaki guda, wallahi da an ƙirga sun kai rabin Borno. Aka rufe tagogi, aka zuba turaren wuta a kasko biyu. Yara masu majina har haɓa suna tari, jaririya kuwa daga wannan hannu sai wancan, kowa "kawo ta in gani". Ni ina zaure ina yi wa maza bayanin cewa wannan ruwan ba namu ba ne, ɓatan hanya ya yi.

Bayan kwana huɗu hancin jaririyar ya toshe. Ta ƙi nono. Ƙirjinta yana fito, fatar tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa in ta ja numfashi. Yayata ta ce iska ce ta buge ta, a shafa man zafi. Maƙwabciya ta ce a ƙara mata bargo. Ni, gwanin sama, na ce mura ce, na tafi kasuwa. Kwana biyu ina faɗin haka! Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Rana ta uku matata ba ta tambaye ni ba, ta tare keke napep sai asibiti. Can na same su. Jarirai bibbiyu a gado, duk irin numfashin nan suke, tawa da robar oksijin a hanci. Na hau faɗa, na zagi ruwa, na zagi rufin ɗakin yayata.

Wata nas ta ce, "Alhaji, rage murya. Ba ruwa ne ya taɓa ta ba. Ƙwayar cuta ce, yara ke ba juna, babba ya yi mura ya warke, jariri ya kwanta. Duk shekara in damina ta yi nisa haka ɗakin nan ke cika."

Duk shekara! Mun san watan da ƙwaro ke shiga kifi, mun san watan da hanya ke yankewa, amma watan da ke shaƙe mana 'ya'ya babu mai zancensa, sai a shafa man zafi. Na tsaya tsakiyar ɗakin ina tambaya wa ya kamata ya faɗa wa mutane, me ya sa ni ba a taɓa faɗa mini ba.

Sai rana ta biyar yarinyar ta kama nono. Ina ta mitar dai. Matata ba ta ko ɗago kai daga kan yarinyar ba ta ce:

"An faɗa maka, baban yara. Da kwalin kifi ne ke tari, da tun ranar farko ka ji."