Taku na Shida

Da wuya ka ga tankin ruwan sama a unguwarsu a garin Broken Hill wanda ba Merv Trevaskis ne ya yanka masa murfi ba. Kayan awonsa biyu ne kacal: kamfas na ƙarfe mai ƙafa biyu, irin na zana da'ira, da ya gada wurin mahaifinsa, da wani miƙaƙƙen ƙarfe marar lamba ko ɗaya. Da su yake raba layi gida biyu daidai, ya fitar da murfi mai tsini da zai hau bakin tanki ba sai an sa guduma ba.

Kowace safiya a shagonsa, kafin ya taɓa almakashi, yakan zana da'ira a guntun kwanon rufi, ya bi gefenta yana taka kamfas ɗin ba tare da ya sauya buɗinsa ba. Dole taku na shida ya faɗa cikin ɗigon farko. Tun da ƙuruciya ya yi wa matarsa Dulcie alkawari cewa ran da ya kuskure zai ajiye aiki.

Wata safiya ya kuskure, da kamar kaurin ƙwayar shinkafa.

'Yarsa Raelene, wadda ta yi furfura tana yi masa walda, ta leƙo. "Baba, kwanon ne ya lanƙwashe. Ɗauki wani."

Ya ɗauki wani. Haka dai.

Dulcie ta shigo da shayi. "Tsoho, wa ya mutu?"

"Zo ki gani."

Ta gyara tabarau. "Ban ga komai ba. Kuma ai ni aka yi wa alkawarin, na yafe. Wa zai iya da kai a gida wuni guda?"

"Ke kin yafe, tsohuwa. Ta irin wannan kafar jar ƙura ke shiga ruwan mutane." Ya miƙa wa Raelene kamfas ɗin. "Gwada. Wataƙila shi ne ya tsufa, ba ni ba."

Ya tsaya yana kallon hannunta, yana fata a ransa ita ma ta kuskure. Tsinin ya faɗa cikin ɗigon, cif.

Merv ya karɓi kamfas ɗin, ya goge shi da tsumman mai, ya mayar mata a tafin hannu.

Yanzu a bakin ƙofar shagon yake zama da kofinsa. Amma Raelene ba ta fara yanka sai ta kai masa guntun kwanon, ya shafa da yatsa ya ji ɗigon farko da na taku na shida ɗaya ne.