Hannun Da Ya Rage A Bangon Mujalla

Da aka samu mulkin kai, kowa a Jihar Arewa ya ga ya isa ya kafa wani abu. Wasu suka buɗe reshen jam'iyya, wasu kulob ɗin ƙwallo. Ni da wani abokina muka rasa abin kafawa sai mujallar makaɗa, a Boɗinga kuwa, garin da ko jarida sai ta kwana biyu a hanya take isowa. Ina koyarwa a firamare lokacin. Shi kuma ya taɓa zama a Ikko, ya yi aiki a wata maɗaba'a, ya dawo da akwati cike da mujallun masu jita da wani girman kai da ya fi akwatin nauyi. Daga baya na ji ashe shara yake yi musu, amma a lokacin in ya ce haka ake yi, ba mai tanka masa.

Ni ke rubutu, shi ke tsara shafuka. Sunan mujalla a sama da manyan baƙaƙe, wannan ban yi gardama ba. Amma ya kafe cewa mutum ɗaya tak ake sawa a bango, ya kalli mai saye ido cikin ido, haƙora a waje. Wai taro ba ya sayar da takarda, fuska ke sayarwa. Na ce masa masu iya karatun boko a ƙasarmu ma'aikatan En'e ne, wato hukumar gargajiya, da malaman makaranta, waɗanda in ganga ta tashi sai su ɗaure fuska suna kaɗa ƙafa a ƙarƙashin riga. Masu son kiɗan tsakani da Allah kuma ba su san baƙi ko ɗaya ba. Ya ce ai shi ya sa bango ne komai.

Muka zaɓi wani makaɗin noma na Mandera, mutum mai murya da in ya ɗaga ta a gona sai raggo ya ji kunya ya duƙa. Yana da 'yan amshi, waɗanda mu nan muke kira 'yan karɓi, babbansu kuwa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun suna samari shi ke riƙe masa ganga, shi ke karɓa masa waƙa. Lauje ya taɓa cire masa kan ƙaramin yatsa, kowa a ƙasar Shagari ya san hannun nan.

Muka kwashe su a mota zuwa wurin mai hoto a Sakkwato. Nan makaɗin ya ce shi fa ba zai washe baki gaban akwati kamar wawa ba. Mai hoto ya shiga baƙin ƙyallensa ya fito, ya shiga ya fito, har gumi ya jiƙe shi. Sai ƙanen ya dafa kafaɗar wansa, ya raɗa masa wani abu a kunne. Har yau ban san me ya ce ba, amma mutumin ya tuntsire da dariya, mai hoto kuma bai yi sanya ba.

Hoton ya yi kyau, su duka a jere da gangunansu. Abokina ya ɗauki almakashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya ce ban san aiki ba. Hannun ƙanen ne kawai ya gagare shi, don in ya cire shi sai ya haɗa da kafaɗa. Ya ce a bar shi, ba wanda ke duban kafaɗa.

Da mujallar ta dawo daga ɗab'i ta yi kasuwa, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. A kasuwar Boɗinga da ta Shagari kafin la'asar ta ƙare. Sai dai mutane bangon suke yagewa su manna a zaure, cikin kuma, inda na zuba basirata har na yabi 'yan karɓi kowa da sunansa, mai tsire ya gaje shi. Na taɓa sayen irin albasa a Dingyaɗi aka ƙunso mini shi a cikin sharhina. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai gama hucewa ba.

Da damina ta kankama aka yi gayya a Mandera, aka gayyace mu a matsayin manyan baƙi, har da tabarma a gindin gawo. Samari suka jeru da hauya. Ƙanen ya rataya ganga ya soma kiɗa, kiɗa mai kyau kuwa. Makaɗin ya gyara hula, ya jefa baitin farko. Ba wanda ya karɓa. Ya sake jefawa, shiru, sai ganga kawai. Samarin da suka duƙa suka fara ɗago kai. Ya waiwaya ya dubi ƙanensa, shi kuma bai daina kiɗa ba ya ce:

"Yaya, hannuna ɗai nig gani ga takarda. To ga hannun nan, shina ta aikinai. Bakin kau an yanke shi."

Sauran 'yan karɓi suka sunkuyar da kai, don babbansu suke bi. Haka mutumin nan ya yi ta waƙa yana karɓa wa kansa, ba wurin shan iska, har muryar ta tsage tun rana ba ta take tsaka ba. Tausayinsa ya kama ni. Abokina kuwa ya matso ya raɗa mini cewa ga labarin fitowa ta biyu ya samu. Na tashi na bar masa tabarmar, mujallar kuma daga nan ba ta sake fitowa ba.

Ƙanen ya ci gaba da yi masa kiɗa har ƙarfinsu ya ƙare, bai taɓa fashin gayya ba, bai kuma sake buɗe baki ya karɓa masa waƙa ba. Bayan rasuwar ƙanen na je gaisuwa, na tarar da bangon nan manne a zauren makaɗin, hayaƙi ya dafe shi. Na ce cikin wasa ashe dai ya iya dariya. Tsohon bai dubi fuskar ba. Ya ɗora yatsa kan hannun da ke kafaɗarsa a hoton, ya ce, "Mai wanga hannu yab ba ni ita."