Malam Namadi da Gurabun Dara

Kullum bayan la'asar Malam Namadi yakan ja sandarsa zuwa gindin itacen bedin da ke bakin kasuwar Tambuwal, ya zauna kusa da 'yan dara yana yi masu gyaran da ba wanda ya roƙe shi. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma baki yana nan daram. Masu yi masa tsiya ba su san abin da ya taɓa yi da gurabun dara ba.

Zamanin En'e ne, shekara uku da samun 'yancin kai, yana saurayin malamin lissafi a ƙauyensu can bayan Kebbe. Da rani agana ta shigo, aka ce masu yin lambar rigakafi sai bayan wata biyu za su iso. Mutanen da kuwa, Allah sarki, akwai zumunci. Mutum na kwanciya sai gari ya ɗunguma dubiya, a cika ɗaki maƙil, ludayi ɗaya ya zagaye kowa. Malam ya yi ta lura, ya ga duk wanda ya kwanta, kafin mako biyu mutum uku cikin masu dubiyarsa sun bi shi.

Ya san dattawa ba su da lokacin allo da alli, sai ya same su wurin dara, ya kafa tsinke a gurbi ɗaya.

"Wanga shi na mai agana. Ya ba ukku, ukku sun ba tara. Tara fa?"

Gurabu talatin suka cika, bai gama kafawa ba.

Mai gari ya ce, "To mi za mu yi, Malam?"

Ya share, ya kafa takwas. "Kowa shi zamna gida nai. Wanda ya taɓa yin ta ya tashi, shi kaɗai ka jinya. In masu agana biyu sunka ba mutum guda, takwas ta koma fuɗu, fuɗu biyu, biyu guda."

Aka yi shela, aka hana dubiya. Ba a yi kwana goma ba Dada, mahaifiyarsa, ta kwanta. Goggo Atu, wadda agana ta bar wa zane tun ƙuruciya, ita ta shiga jinya. Shi kuwa kowace safiya yana tsaye bayan danga, gari duka ya zuba masa ido, don ya san yana ɗaga labulen ɗakinta dokar ta rushe.

"Namadi, ba ka shigowa in gane ka?"

"Ina nan, Dada. Ina jin ki."

Kwana tara yana ba ta amsar nan, har ta cika. An ce boko ya ƙeƙasar masa da zuciya. Amma bayan haka wa ke da idon karya doka? Da masu lamba suka iso, mutum biyu kacal suka tarar a kwance.

Malam Namadi, kai ne malamin da ya ci jarrabawar da ya rubuta da hannunsa. Har yau in an tuna maka, cewa kake lissafin daidai ne, sai ka kau da kai kana shafa ido. Wallahi abin yana taɓa mu.

Ku masu ilimin yanzu, ku koyi kai shi inda dattawa ke zaune, ku fara ɗora shi a kan kanku. Mun gode, Malam, Allah Ya jiƙan Dada. Ita ba ta samu ganinka ba, amma ga 'ya'ya da jikokin waɗanda ciwon bai kai gare su ba, suna ganinka kullum.