Ƙullin Daddawa Daga Ƙasar Faransa

Na daɗe ina aikin fasto, na yi wa'azin da ni kaina ba na tuna rabinsa, amma akwai wata Lahadi guda wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba zai kwashe ta ba. Abin ya faru ne a shekarun alif ɗari tara da hamsin, tun Turawa ba su tafi ba. Ina sabon fasto a wata 'yar ikilisiya ta Maguzawan da suka karɓi bishara, can wajen Magama ta ƙasar Jibiya, dab da iyakar Ingilishi da Faransa. Majami'armu ta kara ce da jinka, in ana ruwa mai wa'azi ya yi ta matsawa ke nan yana neman inda ba ya yoyo.

Bayan an gama girbi muka sa ranar Jibin Ubangiji. A wancan zamani ba kullum ake yin sa ba, don haka 'yan'uwa daga wajen Maraɗi sukan tako a ƙasa su zo. Ranar Asabar da hantsi na tafi bakin iyaka in tarye su. Ina tsaye a inuwa sai na hangi wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan na Faransa, ya tsare wani mutum, amma ya ja baya nesa da shi. Da na matsa na ga dalili. Mutumin kuturu ne, ciwon ya cinye yatsunsa, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Ba ya ɗauke da komai sai sakaina rataye a wuya da wani ɗan ƙulli a hammata.

Ɗan duwan ya tambaye shi inda za shi. Ya ce, "Za ni wajen jibi."

"Jibi ko gata, ni dai buɗe ƙullinga in gani."

Mutane suka kwashe da dariya. Mutumin ya ajiye ƙullin a ƙasa, ɗan duwan ya sa tsinin sanda ya warware shi. Daddawa ce 'yar kaɗan, a naɗe cikin ganye. Ya toshe hanci ya yi masa alamar ya wuce. Ni kuwa kalmar nan ta jibi ta tsaya mini a rai, sai na bi shi na gaishe shi, na ce ni ne malamin masu bin Almasihu na nan wajen. Yadda fuskarsa ta washe har yau ina ganin ta.

Muna tafe yana ba ni labari, yana barin tazara tsakaninmu kamar yadda ya saba. Tun da ciwon ya bayyana aka yi masa bukka bayan gari. Danginsa ba su bar shi da yunwa ba, kullum a kan zuba masa a sakaina a ajiye daga nesa, amma ya manta rabon da hannunsa ya haɗu da na wani a akushi. Sai wani fatake da ya ratsa ta wajen bukkarsa ya gaya masa wai a Jibiya akwai mutanen da suke yin wani jibi na Ubangiji, sarki da talaka kwano ɗaya, ba a korar kowa. Shi ke nan ya ɗaura niyya. Daddawar kuwa ladansa ce ta korar tsuntsaye a gonar wani, ya adana ta domin a garinsu ba a zuwa cin taro hannu sake.

Nan na gane ya ɗauki kalmar yadda kakanninmu suka san ta, jibi abinci ke nan, tuwo da miya. Dole na gaya masa gaskiya. Na ce Jibin Ubangiji ɗan gutsuren gurasa ne da kurɓin zoɓo, don tunawa da mutuwar Almasihu, kuma sai wanda aka yi wa baftisma yake ci. Muka yi 'yar tafiya, sannan ya ce, "Ba komi, Malam. Bar ni in zamna daga waje in ga yadda a ka ci tare."

Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Mutum ya tako ƙasa da ƙasa a kan ƙafafun da ba su da yatsu, ga shi zai koma da sakainarsa yadda ya zo.

Da Lahadi ta yi ya zauna gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar majami'a, muka yi sujada, aka ci Jibi, yana kallo ta tsakanin kara. Al'adarmu kuwa in an tashi a kan yi tuwon taro. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, wannan dawa, wancan kuka, wani gishiri. Mai kula da tukunyar wata gwauruwa ce da kowa ke kira Inna. Matar nan tsabtarta har ta yi yawa, ga baki. Ta taɓa mayar da ni kaina in sake wanke hannu a gaban jama'a, ban kuwa yi gardama ba.

Ana cikin kaɗa miya sai baƙon ya tashi ya nufi murhu. Ya tsaya nesa, ya ajiye ƙullinsa a ƙasa, ya tura shi da ƙafa, ya ce ga tasa gudummawa. Mata suka ja da baya. Kada mai karatu ya ga laifinsu, a lokacin kowa ya yarda abin da kuturu ya taɓa, ciwon yana ciki. Ba shi abinci ba wuya, sadaka ce. Amma a karɓi nasa a zuba a tukunyar da 'ya'yanka za su ci, wannan ba wanda ya taɓa ji. Na tabbata Inna za ta yi masa godiya ta sa a kawar da ƙullin, na ma fara shirya kalmomin da zan lallashe shi da su.

Sai ta ajiye maburgi, ta taka har inda ƙullin yake, ta durƙusa ta ɗauka da hannunta. Ta buɗe ta shinshina, ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, wagga ta hi tamu kyau. Dama miyar ba ta ji daddawa ba." Ta koma ta daka ta a turmi, ta zuba a tukunya kowa yana gani, ta ci gaba da kaɗawa kamar ba a yi komai ba.

Amma da sauran magana. Aka kwashe tuwo a akusa, aka zuba miya, maza suka zauna da'ira da'ira, ba wanda ya miƙa hannu. Ƙamshi ya cika wurin, ga yunwa, kowa sai duban na kusa da shi yake. Baƙon ya ga haka, ya ciro sakainarsa ya ajiye a gabansa, kansa a sunkuye. Na buɗe baki in yi addu'a, ina fata ta yi tsawo har Allah ya kawo mafita, sai dattijon ikilisiyarmu ya riga ni. Tsoho ne da ya yi sarautar noma tun yana bin tsafi, ba ya magana sau biyu. Ya ce, "Baƙo, wanda ya sa daddawa a miya ba ya ci a sakaina. Matso nan."

Mutumin ya matso, ya zauna bakin akushi, ya rasa yadda zai yi, don ba yatsun yanka loma. Tsohon ya yanko, ya mulmula, ya tsoma a miya, ya sa masa a baki. Sannan ya mai da wannan hannun cikin akushin, ya yanko tasa ya ci. Na sa nawa hannun, na kusa da ni ya sa, sai ga sauran akusan ma an fara ci. Ba zan ce kowa ya ci ba, akwai mutum biyu ko uku da suka sulale, ban kuma riƙe su a zuci ba. Na ji tsoron Allah ya sauko mini, irin wanda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa.

Baƙon yana tauna, hawaye na bin kuncinsa. Can ya juyo wajena ya ce, "Malam, ba kai ka ce jibinga ba tuwo ba ne?"

Na yi karatun Littafi, an ɗora mini hannu na zama fasto, amma abin da na iya ce masa kawai shi ne ya ci ya ƙoshi.

Daga baya muka kai shi asibitin kutare na wajen Katsina, ciwon ya tsaya ko da yake yatsu ba su dawo ba. Ya yi baftisma, ni na miƙa masa gurasa da ƙoƙo da hannuna. Sakainar kuwa tun ranar nan ya bar ta gindin bedi, ba wanda ya sake tambayar ta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba wa mabukaci abinci ba shi ne iyakar adalci ba, domin danginsa ma sun yi shekaru suna ba shi, yana kuwa mutuwa da kaɗaici. Mutum yana komawa mutum ne ranar da aka karɓi abin hannunsa aka zuba a tukunyar kowa. Shi ya sa har yau, duk wanda ya shigo ikilisiyata a wulaƙance, kafin in tambaye shi abin da yake bukata, sai na fara duba ko akwai ɗan ƙulli a hammatarsa.